Daƙiƙa Shida Daga Bakina

Ranar Asabar da la'asar ɗakin barcin yara na makarantar su Kurciya ya ƙone. Kurciya 'yata ce, shekararta biyar. Allah Ya taimaka ba kowa a ciki. Maƙwabta ne suka kashe wutar da bokitai, bayan ta cinye katifu goma sha biyu da rabin silin. A bakin ƙofar aka tsinci shuɗin galan yana warin kananzir.

Ina gida a kan keken ɗinki, ban san abin da ake ciki ba, sai wayata ta fara ƙara kamar za ta tsage. Na buɗe zauren iyaye na cikin waya, inda aka saba cigiyar kwalbar ruwa da safa ƙafa ɗaya, na tarar Shugaban Iyaye ya saka saƙon murya, a ƙarƙashinsa salati ya fi arba'in. Na danna. Muryata ce.

"Wallahi zan cinna wa ɗakin nan wuta, kowa ya huta."

Daƙiƙa shida, ta katse.

Ni na faɗa, ban taɓa musu ba. A taron iyaye na ranar Alhamis na faɗa. Wata uku ina magana a kan wata wayar lantarki da ta zazzago daga silin tana lilo a saman katifun yara, ana ce min za a duba. Da na gaji na miƙe na ce, shin sai na tashi na ce muku wallahi zan cinna wa ɗakin nan wuta, kowa ya huta, sannan za ku saurare ni? To ba sai na cinna ba, wayar nan za ta yi muku aikin. Abin da na ce ke nan. An sare kan maganar, an sare ƙafarta, an saki gangar jikin tana yawo a unguwa da sunana.

Mutum tara ne a taron nan. Na kira su ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce lokacin tana amsa waya. Wani ya ce shi a gaba ya zauna. Wadda muka zauna kafaɗa da kafaɗa ta ce, "Ni dai gaskiya, Maman Kurciya, na ji kin ce wuta."

Na kira Baban yara, yana can kan hanya da babbar mota, kwana huɗu tsakaninsa da gida. Ya saurara, ya numfasa, ya ce, "Ke ma dai bakinki." Na kashe wayar kafin in ba shi nasa daƙiƙa shidan.

* * *

Litinin da safe na shirya Kurciya, na goya ƙaramin, muka tafi. Iyaye sun yi cirko-cirko a bakin get, suna ganina suka dare gida biyu. Anti Babba, mai makarantar, tana tsaye a tsakiya ta dogara sandarta ta ƙarfe mai ƙafa huɗu. Shekara ashirin da biyu tana riƙe da makarantar nan, rabin iyayen ma ita ta koya musu riƙe fensir.

"Maman Kurciya, a mayar da yarinya gida tukuna."

"Me ta yi, Anti?"

"Ita ba ta yi komai ba. Amma iyaye sun ce hankalinsu bai kwanta ba. Ni ranar taronku ba na nan, ina asibiti kan gwiwar nan, amma abin da na ji a waya na ji. Gobe ƙarfe huɗu za a zauna. In kina da bayani ki kawo. In babu, Shugaba ya ce a miƙa wa 'yan sanda."

"Anti, kin san wayar da nake magana a kai."

"An gyara ta tun tuni," ta ce, ta juya.

Da muka kai ƙofar gida Kurciya ta ɗago kai ta dube ni.

"Mama, 'Yar Gatan ajinmu ta leƙo ta get ta ce ke kika ƙona katifarta mai hoton kifi. Ta ce kada in sake zama kusa da ita."

Wannan maganar ce ta sa na daina kuka na nemi Kawu.

* * *

Kawu Sawu ƙanen mahaifiyata ne. Shekara talatin ya yi yana aikin gandun daji, yana bin sawun maharban sata, har sunan ya bi shi. Da ya ajiye aiki unguwa ta mayar da shi na kowa: akuya ta ɓace, Kawu, an haura katanga, Kawu. Wayarsa mai maɓallai ce, ba ta san saƙon murya ba.

Ya zauna a kujerar masu jiran ɗinki, na kunna masa. Ya ce in sake. Na sake har sau biyar.

"Ina sauran?"

"Kawu, shi ke nan fa abin da aka turo."

"A daji in sabon ma'aikaci ya rugo ya ce min ya ga sawu, abin da nake tambayarsa, ina na bayansa, ina na gabansa? Da guda ɗaya ba zan san ko dabbar gudu take ko kiwo ba. Wannan sawu ɗaya aka kawo wa mutane. Ɗauki mayafinki."

"Ba za ka tambaye ni ko ni ce ba?"

"Ke? Ke da risho ma sai kin yi ashana uku kafin ya kama?"

* * *

Mai Gadi ne ya buɗe mana, yana ƙunƙuni, tarin makullai na kaɗawa a ƙugunsa. Ɗakin baƙi ƙirin, ƙasa duk toka da ruwa, sawun masu kashe wuta ya tattake ko'ina. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon sama, ni kuma ina kallon agogo.

"Kawu, ƙasa ake bin sawu ko sama?"

"Wuta ma tana da sawu. Dubi can." Ya nuna kusurwar da wayar take. Katakon wajen ya cinye ƙurmus, na nesa da shi kuwa babbakewa kawai ya yi. "Daga sama ta sauko."

Ya durƙusa gaban galan ɗin, wanda Shugaba ya hana kowa taɓawa. Ya ɗaga shi da yatsa biyu. Jikinsa tas, ko ɗigon hayaƙi babu, a ƙarƙashinsa kuwa toka ce kwance a jiƙe. Ya ɗebi tokar ya shinshina, ya miƙo min. Ba warin komai sai ƙauri.

"Galan na roba da ya zauna a bakin wuta irin wannan da ya narke. Wannan bayan an kashe ya zo."

Ya juya ya ƙura wa ƙugun Mai Gadi ido. Ni ma sai a lokacin na tuna: a cikin saƙon nan, ban da muryata, akwai ƙarar makullai, kacau-kacau, tun daga farko har ƙarshe.

"Malam, ranar Alhamis lokacin taro kana ina?"

"Ina get! Ina zan je? Ku tambayi mai sayar da lemo, tare muka zauna har aka watse. Ni fa na gaji. Ranar nan tun azahar nake durƙushe ina shafe kwatar bayan aji da siminti, na gama lafiya lau, washegari na tarar an tattaka min. Ba wanda ya ce sannu. Yanzu kuma an zo ana kallon makullaina."

"Ranar Asabar fa?"

"Na je cin abinci. Ko shi ma laifi ne?"

Mai lemo ya tabbatar. Muka fito hannu wayam.

* * *

"Yanzu sai mu bi muryar ta baya," in ji Kawu. "Wanda ya saka, wa ya ba shi?"

Shugaban Iyaye muka samu a shagonsa na tayoyi. Ya ce shi bai yanke wa kowa hukunci ba, hakkin shugabanci ne ya sa ya sanar.

"Kai ka jagoranci taron, ranka ya daɗe," na ce. "Ba ka ji abin da na faɗa kafin nan ba?"

"Kin yi magana da yawa, Maman Kurciya. Mutum ba zai riƙe duka ba."

"Amma wannan ka riƙe."

"Ai wannan na ji shi ya fi sau goma."

Matar Mai Kanti ce ta turo masa. Muka je kanti. Ta rantse ita ba ta yaɗa ba, mutum biyar kacal ta tura wa, su ma don su yi addu'a. Ita kuma daga Mai Kitso ta samu.

Mai Kitso tana tsakar gida da kai a tsakanin gwiwoyinta, mata uku na jiran layi. Tana ganina ta saki tsagar.

"Ƙawata! Wallahi tun shekaranjiya nake kare ki. Na ce musu ko da ita ce, ai ɓacin rai ne."

"Na gode da wannan kariya. Wa ya turo miki?"

Ta lalubo wayar da hannu mai maiƙo. Lamba ce ba suna, ba hoto, ba ta taɓa turo mata komai ba sai wannan. Na kira, a kashe.

A waje Kawu ya yi murmushi. Ni ban ga abin murmushi ba, ƙafafuna sun kumbura, ƙaramin ya jiƙa min baya.

"Mun kai inda sawu ya shiga ruwa," ya ce. "Amma mun ƙaru. Wanda ya yi wannan ya san unguwar nan sarai. Bai tura wa Shugaba ba, bai tura zaure ba. Ya zaɓi gidan da magana ba ta wuni."

* * *

Na tuna Malama Biro. Ita ce malamar ajin su Kurciya, ita ke rubuta bayanin taro, kullum da biro soke a ɗankwalinta. Takan ajiye wayarta a kan teburin gaba ta naɗi taron duka, daga baya ta kwafa a littafi. Na ji kamar in yi tsalle. Ko dai ita ce, ko kuma cikakkiyar maganata na wajenta.

Da ta buɗe mana ƙofa idanunta jajur.

"Na goge, Maman Kurciya. Wallahi tun Juma'a na goge. Wayar ba wuri, da na kwafa sai in share."

"To littafin."

Ta kawo. Na bi da yatsa har na sami layina. Ga abin da aka rubuta na minti uku da na yi ina zuba: Maman Kurciya ta yi magana a kan ɗakin barci.

"Shi ke nan? Malama, shi ke nan?"

"Anti Babba ta ce a riƙa taƙaitawa."

"Ke ba ki tuna abin da na ce ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Na tuna kin ambaci waya. Amma in na faɗa gobe, wa zai yarda? Kuma a nan nake aiki."

Kawu bai matsa mata ba. Ni kam a zuciyata na riga na ɗora mata.

* * *

Talata da safe muka je wajen Injiniya, mai gyaran wutar makarantar. Yana kan tsani a wani shago, bai ma sauko ba.

"An gyara? Wa ya gyara? Na je na duba wata biyu da suka wuce, na ce wayoyin ɗakin nan duka sai an sake su, ɓera ya gama da su. Aka ce in bari sai an yi hutu. Da masu duba makarantu za su zo, aka kira ni na tura wayar cikin silin na liƙa tef, don kada a gani. Bayan kwana uku ta sake faɗowa. Ni abin da aka sa ni na yi."

"Za ka faɗi haka a taro?"

"Taron me? Ni ɗana ba ya makarantar."

Muka dawo gida wajen azahar. Saura awa uku. Kurciya na zaune a bakin ƙofa da jakar makarantarta a baya, tun safe ta ƙi cirewa. Na zauna a kan keke na kasa taka shi. Kawu ya jingina da bango ya lumshe ido, wayata a kunnensa, yana ta maimaita daƙiƙa shidan nan har na tsani muryata.

"Makullan nan," yake cewa. "Sun fi muryarki kusa. Wa ke da makullai a ɗakin nan ban da Mai Gadi?"

Ƙaramin ya fara rigima a bayana. Ban ko juya ba, na zaro makullan gida daga jaka na miƙa masa ta kafaɗa, kamar yadda nake yi kullum. Ya karɓa ya hau kaɗawa. Kacau-kacau.

Kawu ya buɗe ido. Ni ma na waiga.

"Kawu, nawa ne. Ranar ma shi na ba ya yi shiru."

"A bayanki yake?"

"A goye."

"To wayar da ta naɗi wannan ba a teburin gaba take ba. Ta fi kusa da hannun yaron nan fiye da bakinki. Wa ya zauna a bayanki?"

"Ba kowa. Layin ƙarshe na zauna, don in ya yi kuka in fita da shi. Bayana taga ce."

"Tagar tana kallon ina?"

"Lungun bayan aji. Inda kwata take."

Kawu ya riga ni saka takalmi.

Lungun siriri ne, tsakanin bayan aji da katangar gidan Anti Babba, da wata 'yar ƙofa da ke haɗa su. Sabon simintin Mai Gadi ya bushe fari fat. Daidai ƙarƙashin tagar akwai rabin sawun silifas, a gefensa ramuka huɗu ƙanana, a jere kamar ƙafafun kujerar 'yar tsana. Uku bakinsu a mulmule, na huɗun zobe ne mai kaifi.

Kawu ya sa ɗan yatsa a ciki, ya nutse har gaɓa ɗaya.

"Mai wucewa ba ya barin rami mai zurfi haka. Wannan tsayawa ya yi, ya jingina, ya daɗe."

Na buɗe baki, ya ɗaga min hannu.

"Ki riƙe bakin nan har ƙarfe huɗu. Sau ɗaya dai a rayuwarki."

* * *

Taron da ake samun mutum tara, ranar nan sai da aka ƙaro benci. Kowa ya zo kallon mai ƙona makaranta. Shugaba a gaba, Anti Babba a gefensa da sandarta, Malama Biro da littafinta, Mai Gadi a bakin ƙofa, Mai Kitso ta baro kai rabi ta zo.

Shugaba ya kunna saƙon, kamar akwai wanda bai ji ba. Aka yi salati sabo.

"Maman Kurciya, muryarki ce ko ba taki ba?"

"Tawa ce."

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Kawu ya miƙe, ya cire hula ya mayar.

"Jama'a, ni tsoho ne, ban iya waya ba. Ku taimaka min da wani gwaji. 'Yar nan, koma inda kika zauna ranar. Ki ba yaron makullai. Malama, ajiye wayarki inda kika saba."

Na maimaita maganar, Malama ta naɗa daga teburin gaba, aka kunna. Muryata can nesa, ƙarar fanka a kanta, makullai ko alama babu. Na ga Malama Biro ta sauke numfashi, ni kuma kunya ta kama ni. Sai Kawu ya karɓi wayar ya ba Mai Gadi, ya ce ya zagaya ya tsaya a bayan taga. Na sake faɗa, aka kunna. Kacau-kacau, da muryata a bayansa. Kamar an kwafi na farkon.

"Daga waje aka naɗa," in ji Kawu. "Ku zo ku ga wajen."

Aka ɗuru cikin lungun, wasu na leƙe ta taga. Kawu ya nuna ramukan.

"Malam, yaushe ka shafa simintin nan?"

"Alhamis, na gama wajen ƙarfe uku."

"Yaushe ya bushe?"

"Kafin safiyar Juma'a ya zama dutse."

"To duk wanda ya bar wannan, ranar Alhamis da yamma ya bar shi." Ya juya cikin ladabi. "Hajiya, a ara min sandar nan minti ɗaya."

"Ba na iya tsayuwa ba ita."

"Ga kafaɗata, Anti," na ce.

Ba ta dafa ni ba, bango ta dafa. Kawu ya ɗaga sandar kowa ya gani: ƙafa uku da robarsu, ta huɗun robar ta cire, bakin ƙarfe ne tsirara. Ya saukar da ita a hankali. Ƙafa huɗu suka shige ramuka huɗu, ya sake ta, ta tsaya da kanta.

Kowa ya juya ya dubi Anti Babba.

"Makarantata ce," in ji Anti Babba. "Ina da ikon tsayawa inda na ga dama."

"Haka ne, Hajiya. Sai dai kin ce kina asibiti."

Mai Gadi ya yi gyaran murya. "Tunda abin ya zo nan, galan ɗin nan ma na san shi. A bayan kicin ɗin gidan Anti yake zama. Na yi shiru ne saboda ba a tambaye ni ba."

"Ai kai ba a tambayarka sai ka ba da labarin siminti," in ji Mai Kitso.

Anti Babba ta dube ni. Ban taɓa ganin tsufanta ba sai ranar.

"Na tsaya ne in ji masu zagina a bayan idona, na naɗa a waya. Da wutar ta tashi na san in aka ce waya ce, rufe makarantar za a yi. Shekara ashirin da biyu. Na kunna maganarki a wayata, na naɗi guntun nan da wata wayar. Amma ban ƙara miki ko kalma ɗaya ba, Maman Kurciya. Bakinki ne ya faɗa."

"Ba ki ƙara ba, Anti, ragewa kika yi. Da abin da kika rage aka kori 'yata daga get. Ina sauran maganata?"

"Na goge."

Malama Biro ta ɗago kai. "Anti, ba ki iya gogewa ba. Ni nake goge miki abubuwa duk Juma'a, kuma wannan Juma'ar ba ki ba ni wayar ba."

Aka duba wayar Anti, ga cikakken saƙon nan, minti biyu da daƙiƙa arba'in. A lungun nan aka kunna shi, a tsaye, kowa ya ji tun daga wata uku ina magana har zuwa wayar nan za ta yi muku aikin, da abin da na ƙara a ƙarshe wanda ni kaina na manta: 'yata a ƙarƙashinta take kwana, 'ya'yanku ma haka.

Wadda muka zauna kafaɗa da kafaɗa ta dafa ƙirji. "Yauwa! Wallahi yanzu na tuna, haka ta ce."

Kawu ya taka min ƙafa tun kafin in fara.

* * *

Abin da ya shafi galan da masu duba makarantu na bar wa Shugaba da hukuma, an kuma rufe makarantar har sai Injiniya ya sake wayoyin. Ni abu ɗaya na nema, a saka cikakkiyar maganar a zauren iyaye. Aka saka a ranar.

Mutum sittin da uku ne a zauren. Bayan kwana biyu na duba, bakwai suka buɗe. Wani ya rubuta a ƙasa: ya yi tsawo, wa zai taƙaita mana? A kasuwa kuma na ga wata da ban ma sani ba tana nuna ni da baki.

Na je na gaya wa Kawu. Ya ce, "Kin san hanyar da guntun saƙon ya bi ya fita. Bi ta."

Na goya ƙaramin, na kama hannun Kurciya. Muka fara da Mai Kitso. Ta ce ai ita ta ji a lungu, na ce matan da ke layi ba su ji ba, su zauna. Muka je kanti, na karɓi sunayen mutum biyar ɗin nan masu addu'a, na bi su gida-gida. Ba na gaisuwa mai tsawo, ba na bayani. In danna, in riƙe wayar a tsakaninmu, in tsaya har ta ƙare. Wasu sun ba ni haƙuri, wasu sun ba ni ruwa, wani ya ce yana sauri na bi shi har bakin mota.

Gida na goma sha ɗaya shi ne gidan su 'Yar Gata, mai katifa da hoton kifi. Uwar ta fito tana goge hannu, yarinyar ta laɓe a bayan zaninta. Na danna. Muka tsaya mu huɗu muna jin muryata tana hawa, makullai na kaɗawa. Da aka iso wajen da kowa ya haddace, wallahi zan cinna wa ɗakin nan wuta, uwar ta yi dariyar kunya ta miƙo hannu za ta tsayar.

"Haba Maman Kurciya, ai ya wuce, mun san nan."

Kurciya ta riga ni. Ta ɗora tafin hannunta a kan wayar, ta ɗaga kai ta dubi matar, sannan ta dubi ƙawarta.

"Ku bari," ta ce. "Mamata ba ta gama ba."